Nazariyyar Hargitsi da Zubin Labari: Inda Ƙiyasin Ya Tsaya da Inda Ya Rushe

Duk wanda ya taɓa yin damina a birnin Yamai ya san yadda hadari ke tasowa daga gabas, ya turo jar ƙura a gabansa, ya rufe gari da duhu, sa'an nan a wayi gari a tarar Koira Kano da Gudel sun sha ruwa har motoci na kafewa a cikin layuka, alhali mutanen Saga ba su sami abin da ya wuce yayyafin kwantar da ƙura ba, ko kuwa a sami akasin haka, ba tare da wani ya iya faɗin abin da ya sa hadari guda ya yi wannan rabo ba. Wannan gari kuwa shi ne masaukin manyan cibiyoyin nazarin yanayi guda biyu, watau AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan farin 1973, da ACMAD mai hidima ga nahiyar Afirka baki ɗaya. Masanansu suna iya gaya wa manomi ko daminar bana za ta kusanci yadda aka saba ko za ta gaza, amma babu mai hankali a cikinsu da zai yi alkawarin cewa rana kaza ta watan gobe za a yi ruwa a Yantala, domin kintacen yanayi na rana da rana yana da haddi da ba ya ƙetarewa, wajen mako biyu, kome ƙarfin na'urar da aka sa ta yi lissafin.

Ilmin da ya bayyana sirrin wannan haddi shi ake kira nazariyyar hargitsi. Ya fito daga hannun masu lissafi da masu duba yanayi, amma tun wajen ƙarshen shekarun 1980 waɗansu malaman adabi na Turai da Amurka suka ara shi, suka ce da shi za su warware zubi da tsarin ƙagaggun labarai. Mas'alar da ke gabanmu ita ce ko wannan aro ya halatta a ilmance, in kuma ya halatta, wane sashe na adabinmu ya fi cancanta a gwada shi a kai.

Wajibi ne a fara da tahƙiƙin abin da nazariyyar ta ce, domin mafi yawan ruɗanin daga nan ya samo asali. A 1814 masanin lissafi na Faransa, Laplace, ya yi da'awar cewa da za a sami wani hankali wanda ya san matsayin kowace ƙwayar zarra da ƙarfin da ke motsa ta, da babu abin da zai ɓuya gare shi na da ko na gaba (mu dai mun san wannan siffa ta Wanda ilminSa ya kewaye kome ce, ba ta wani mahaluƙi ba). Ɗan ƙasarsu Poincaré, sa'ad da yake nazarin tafiyar jikkuna uku masu janyo juna, irin rana da duniya da wata, ya gane a wajen 1890 cewa ko da ƙa'idar tafiyar sananniya ce sarai, ɗan kuskure a awon farko yana iya zama babban kuskure a ƙarshe. Maganar ta kwanta shekaru saba'in, har sai da Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, ya yi tuntuɓe da ita a 1961. Yana da wata kwamfuta da ke kwaikwayon tafiyar iska. Wata rana ya so ya maimaita wani lissafi daga tsakiya, sai ya kwafi adadin da ke kan takardar da na'urar ta buga, 0.506, alhali abin da ke cikin na'urar 0.506127 ne, ya fita shan gahawa, da ya dawo ya tarar yanayin da ta lissafa na wata biyu ya rabu da na farko rabuwar da ba su ko kama da juna. Ya buga sakamakon a 1963, a 1972 kuma ya yi laccar da ta shahara, inda ya tambaya ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Birazil zai iya tayar da guguwa a Tekzas.

Mai karatu yana iya gwada abin da kansa da alƙalami da takarda. Ka ɗauki adadi tsakanin sifiri da ɗaya, ka ɗebe shi daga ɗaya, ka ninka shi da abin da ya rage, ka ninka abin da ya fito sau huɗu, sa'an nan ka mai da sakamakon ya zama adadin farko ka sake. In ka fara da 0.300, zagayen farko zai ba ka 0.84, na biyu 0.538, na uku 0.994, in ka fara da 0.301, za ka sami 0.842, da 0.533, da 0.996, waɗanda ido ba ya ko kula da bambancinsu da na farko. Amma a zagaye na takwas ɗaya yana 0.448 ɗaya yana 0.719, a na goma kuwa ɗaya ya faɗi zuwa 0.043 ɗaya yana 0.620. Babu caca a ciki, babu ƙuri'a. Ƙa'ida guda ce ake ta maimaitawa, tazarar ce ke kusan ninkuwa a kowane zagaye. Irin wannan lissafi ne Robert May ya yi sharhinsa a 1976 yana magana a kan hauhawa da raguwar yawan dabbobi. Sharuɗɗan hargitsi ke nan a ma'anarsa ta ilmi: ƙa'ida tabbatacciya, da maimaitawa inda abin da ya fito shi ake mayarwa, da ƙaramin bambanci mai ninkuwa, tare da cewa adadin, duk yawonsa, ba ya fita daga tsakanin sifiri da ɗaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya haifi abin da suke kira baƙuwar matattara, wadda misalinta shi ne akuya a turke: in ka bi sawunta wuni guda da wuya ka ga ta maimaita hanya ɗaya, amma ba za ka taɓa samun sawun a bayan inda igiya ta ƙare ba.

Littafin da ɗan jarida James Gleick ya wallafa a 1987 shi ya fitar da waɗannan maganganu daga zauren masu lissafi zuwa kasuwa. Katherine Hayles, wadda ta karanci ilmin sinadarai kafin ta koma adabi, ta biyo da littafinta a 1990, tana nazarin marubuta irin su Doris Lessing da Stanislaw Lem. Tom Stoppard ya gina wasan kwaikwayonsa Arcadia na 1993 a kan wata yarinya da ta hango lissafin maimaitawa tun 1809. Jo Alyson Parker kuma a 2007 ta ɗora nazariyyar a kan zubin littattafan Sterne da Proust da Woolf da Faulkner. In aka tace abin da suka ce da abin da mabiyansu suka ƙara, za a ga da'awa uku: cewa a cikin labari ƙaramin sababi yana haifar da babban al'amari, kamar fiffiken can, cewa sashen labari yana kama da ɗaukacinsa, da cewa labari yana kewaya wata matattara ba tare da ya maimaita kansa ba.

Malamanmu na usulu sun bar mana ma'aunin da ya dace da irin wannan magana, domin sun ce ƙiyasi yana da rukunai huɗu, asali da reshe da illa da hukunci, kuma ba a ɗaukar hukuncin asali a ɗora wa reshe sai illar da ta wajabta shi tana nan a cikin reshen. In ba ta nan, ƙiyasi ne tare da bambanci, wanda ba a kafa hujja da shi. To, bari mu nemi illar.

Da'awar farko ita ta fi jan hankali, kuma misalanta a adabinmu ba su ƙirguwa. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, sayen aku guda shi ya tsare Musa daga makircin waziri sa'ad da sarki ya tafi yaƙi, ya kuma tsare gadon sarauta. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙazafin da fadawa suka yi wa Makau bayan an komo daga hari shi ya watsa gida, har aka sace yaro, har ya tashi a ƙasar Larabawa a hannun Abdulkarim, har uwarsa ta faɗa bauta wajen nemansa. A labarin Bayajida, baƙo ne ya roƙi wata tsohuwa ruwa da dare a Daura, daga nan aka kashe macijiyar Kusugu, daga nan aka sami Hausa Bakwai. Bahaushe ma ya riga ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sai dai illar hargitsi ba ƙanƙantar sababi ba ce kawai. Illar ita ce a saki abu sau biyu daga mafarai biyu makusanta, a kan ƙa'ida guda, a ga tazara tana ninkuwa. Littafi kuwa sau ɗaya ake sakinsa. Ko sau dubu ka buɗe Shaihu Umar, ƙazafin nan ne, satar nan ce, kuma babu wata ƙa'ida da za ka zuba mata shafi na goma ta fitar maka da na goma sha ɗaya. Abin da zai faru da fadawa ba su yi ƙazafi ba yana cikin zuciyar mai karatu ne kaɗai, ba shi da wani wujudi da za a auna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Lorenz da kansa ya faɗa a laccar nan cewa in kaɗa fiffike zai iya tayar da guguwa, haka kuma zai iya hana ta, kuma babu mai iya nuna wane fiffike ne daga cikin dubban dubbai. Ke nan a cikin hargitsi ƙaramin sababi ɓatacce ne a tsakanin ire-irensa. Mai ba da labari kuwa nuna shi yake yi da yatsa, kuma ya iya nuna shi ne saboda ya riga ya san ƙarshe. Tafawa Ɓalewa bai ɓoye wannan ba, tun da ya buɗe littafin da Shaihu Umar yana babban malami a Rauta, almajirai sun kewaye shi suna tambayar asalinsa, watau an ba mu ƙarshen tun kafin a fara. Haka Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, bayan ya komo ne yake ba da labarin tafiyarsa. Duk wanda ya tashi da ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, wadda ba ƙage ba ce, ya saba da wannan tsari na mafarki a farko da tabbatarsa a ƙarshe, rijiya da ayari da kurkuku duk suna zama matakai zuwa abin da aka riga aka hukunta. Zubin da marubutanmu suka gada zubin ƙaddara ne, mai tafiya daga ƙarshe zuwa farko, hargitsi kuwa daga farko yake tafiya bai san inda za shi ba.

Tarihin ƙasar Nijar ya ba mu misali mai kyau na yadda mai labari ke zaɓen sababi guda ya nuna shi da yatsa. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bi ƙasar Hausa da ƙone-ƙone a 1899, ta wargaje a watan Yuli na shekarar, bayan an harbe Kanar Klobb da aka turo ya tsai da su, sojojinsu kuma suka juya suka kashe su duka biyu. Masu bin takardun Faransa sukan fara silsilar daga wasiƙar da wani hafsa da aka kora daga rundunar, Péteau, ya rubuta wa budurwarsa yana ba da labarin ta'asar, wasiƙar da ta kai ga hukuma a Faris; Abdoulaye Mamani kuwa, a littafinsa Sarraounia na 1980, ya ɗora nauyin a kan turjiyar Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu. Abin da ya auku yana da sabubba da ba su lissaftuwa, kowane mai labari ya zaro zare guda ya ce ga shi. A ganina aikin labari ke nan tun asali: hanya ce da ɗan Adam ya ƙago don ya rage wa kansa nauyin hargitsin duniya.

Da'awa ta biyu ba ta buƙatar dogon tsayawa. Mandelbrot ya raɗa sunan firaktal a 1975 ga siffofin da in ka ƙara girman sashensu za ka sake ganin kamar ɗaukacinsu, mataki bayan mataki, da gwargwadon da ake iya aunawa. Labari cikin labari, kamar na Dare Dubu da Ɗaya inda Shaharzad ke ba da labarin tela, tela yana ba da na wanzami, wanzami yana ba da na ƴan'uwansa shida, hawa uku ne ko huɗu, sai ya tsaya. Kiransa firaktal ado ne na magana. Inda aka yi awo na haƙiƙa shi ne binciken da masana kimiyyar lissafi na birnin Krakow a Polan suka buga a 2016, inda suka ƙirga tsawon jimloli a littattafai 113 suka sami tsari mai maimaita kansa a matakai dabam-dabam, mafi bayyana a Finnegans Wake na James Joyce. Aiki ne mai kyau, amma tsawon jimla suka auna, ba ƙullin labari ba. Wanda kuma zai kwaikwaye su da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 sai ya tuna cewa malamai da ajami suka rubuta su, aya da waƙafi kuwa na wanda ya juya su zuwa boko ne, kada ya wayi gari yana auna numfashin Bature yana zaton na Bahaushe ne.

Ba abin mamaki ba ne da masana kimiyya suka fusata. Alan Sokal da Jean Bricmont sun wallafa littafi a Faransa a 1997 suna tuhumar waɗansu mashahuran marubuta da yin ado da kalmomin lissafi ba tare da sanin ma'anarsu ba, kuma a wurare da yawa gaskiya suka faɗa. Amma adalci ya wajabta a bambanta. Édouard Glissant na Martinik, da ya yi maganar hargitsin duniya yana nufin cakuɗuwar al'ummai da harsuna wadda ba a iya kintatar abin da za ta haifa, majazi ya yi a fili, kuma malaman balaga ba su taɓa hana isti'ara ba. Abin da suka hana shi ne a ɗauki majazi a sayar da shi da sunan haƙiƙa.

Saura da'awa ta uku, kuma nan ne nake ganin malaman can sun nemi abu a inda ba ya nan, alhali yana kusa da mu. Littafi ba a sakinsa sau biyu, amma tatsuniya kullum dare sakinta ake yi. Wadda ta ji daga kakarta ita ke faɗa wa jikokinta, abin da ya fito daga wannan baki shi ke shiga wancan, watau ga maimaitawa irin wadda nazariyyar ta shar'anta. Ba a taɓa faɗin tatsuniya sau biyu da lafazi ɗaya ba, amma Gizo bai taɓa zama mai gaskiya ba, kura ba ta taɓa yin wayo ba, ƴar bora ba ta taɓa taɓewa a ƙarshe ba. Vladimir Propp ya nuna a 1928, daga tatsuniyoyin Rasha guda ɗari, cewa ayyuka 31 ne ke ta jujjuyawa a cikinsu bisa jeri ɗaya. Ga sauyi marar ƙarewa, ga kuma iyaka da ba a ƙetarewa. Sharuɗɗa biyu na hargitsi sun samu.

Na ukun fa, watau ninkuwar ɗan bambanci? Nan sai a dubi yadda ake tatsuniya a tsakar gida. Tsohuwa ta gaji, barci na fizgarta, ta tsallake wurin da Gizo ya koma gida ya yi wa Ƙoƙi ƙarya, nan take wata ƴar shekara bakwai za ta ce, "A'a Kaka, ba haka ba ne, ai sai da ya je gida tukuna," tsohuwa ta yi dariya ta ce, "To, uwar iya, ke ce mai tatsuniyar ko ni?" sa'an nan ta koma ta gyara. Wannan gyara kishiyar hargitsi ce, domin tana kashe bambanci tun yana ƙarami. Al'ummar da ta san isnadi, ta san yadda alarammomi ke zama ɗaya na tilawa saura na saurare, wasali guda ya karkace a tsai da shi, ba ta buƙatar a koya mata cewa ruwaya tana da masu tsaronta. Har gwajin da Frederic Bartlett ya buga a Kambirij a 1932, inda ya sa mutane suna miƙa wa juna labari ɗaya bayan ɗaya, abin da ya nuna shi ne labarin yana gajarcewa yana komawa ga abin da masu faɗinsa suka saba da shi. La'alla dai matattarar tatsuniya ba baƙuwa ba ce, sananniya ce mai janyo kome zuwa gida.

Duk da haka ba a rufe ƙofar ba, kuma shaida tana nan bakin kogi. A ƙarshen 1980 da farkon 1981 Thomas Hale ya ɗauki muryar jasare Nuhu Maliyo, watau maroƙin tarihi na Zabarmawa, a Saga yana ba da labarin Askiya Muhammadu, wanda ya mulki Songai daga 1493 zuwa 1528, ya kuma gwama shi da abin da ke cikin Tarikhus Sudan da Tarikhul Fattash na malaman Tumbutu. A wurin malaman, Askiya babban hafsa ne da ya karɓi mulki bayan ya ci Sonni Baru da yaƙi. A bakin jasare, Askiya shi ne Mamar ɗan Kasai, ubansa aljanin kogi, kuma kawunsa Si ya kashe da hannunsa a filin idi. Mafarin ya yi nisa da na littafi nisan da ba a zato, amma hajjinsa da yaƙe-yaƙensa na ɗaukaka addini suna nan a duka biyun. A cikin shekara ɗari biyar wani sashe ya gudu, wani ya tsaya cik, kuma tambayar wane ne ke gudu, da wane sauri, tambaya ce da ake iya amsawa da ƙirga.

Kayan aikin suna Yamai. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, wadda Diouldé Laya ya daɗe yana shugabanta, da cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, wadda ke ajiye da rubuce-rubucen ajami da Bubu Hama ya tara, suna da faya-fayen Hausa da Zabarmanci da Fulatanci na shekaru masu yawa. Jasare kuma suna da silsila sananniya, kamar Jeliba Baje na Libore da ya ɗauka daga mahaifinsa Baje Banya. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi labari guda, a tara ruwayoyinsa masu yawa, a yanka kowace zuwa aukuwa-aukuwa bisa tafarkin Propp, sa'an nan a ƙirga bambancin da ke tsakanin malami da almajirinsa, da tsakanin almajirin da nasa almajirin. In tazarar tana ninkuwa daga baki zuwa baki, masu nazariyyar hargitsi sun sami illarsu. In tana tsayawa ko tana raguwa, sai a nemi wani lissafin, irin wanda masu nazarin gado da yaɗuwar harsuna ke aiki da shi. Kafin a kai ga ɗayan biyun, dole wani ya zauna da faya-fayen nan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wa kowane sunan mai magana, da garinsu, da shekarar da aka ɗauka, da wanda ya ce daga bakinsa ya ji.